Ranar da Fim Ya Tsinke a Skarvik

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ake kira Torleif, haifaffen Skarvik, ƙauyen masunta a ƙarshen arewacin Norway. Tun yana saurayi ya tafi birnin Tromsø ya koyi sana'a. Da hotunansa na duwatsu da ƙanƙara suka fara fitowa a jarida, sai kansa ya kumbura.

A wancan zamanin babu hanyar mota zuwa Skarvik, sai jirgin ruwa sau ɗaya a mako. Idan hunturu ya kankama, rana kan ɓace wata biyu cur. Ranar da za ta dawo, mata su gasa burodi mai zaƙi, a cika butoci da kofi, kowa ya hau tudun bayan makaranta. Takan leƙo ta tsakanin duwatsu biyu, ta yi minti biyar, ta koma. Wanda bai taɓa tsayawa a tudun nan ba, ba zai gane ba.

Sai ga shekarar da aka rufe makarantar, aka ce jirgin ma zai daina zuwa. Mutane suka yanke shawarar tashi da bazara. Suka rubuta wa Torleif cewa ya zo ya ɗauki dawowar rana ta ƙarshe, kowane gida ya tafi da hoto ɗaya.

Ya sauka a gidan gwaggonsa Borghild, wadda ta shekara talatin tana raba wasiƙu a ƙauyen. Ita ma tana da wata tsohuwar kyamara mai kama da akwati. Ranar hawan tudun da safe ta ga ya rataya tasa sabuwar a wuya, a kan riga. Ta ce ya cusa ta ciki ta ji ɗumin jikinsa, kuma in zai murɗa fim ya bi a hankali, don a irin sanyin ranar fim kan ƙage ya karye kamar busasshen kifi.

Ya yi dariya. "Gwaggo, wannan ba akwatin ajiye allura ba ne irin naki. Jamusawa suka ƙera ta."

"To, Jamusawan ne za su tsaya a kan tudun, ko kai?" in ji ta.

Ya bar kyamarar a kan riga, bai cusa ta ba.

Sun fi awa guda a tudun suna jira. Edvin masunci, abokin wasansa tun ƙuruciya, yana ta tsokanarsa wai ɗan birni ya zo ƙanƙara da takalmin rawa. Can sai kowa ya juya wajen duwatsun. Bakin rana ya ɓullo, haske ya zubo a kan rufin gidaje da jiragen da ke ɗaure a gaɓa. Tsofaffi suna share ido.

Torleif ya ɗaga kyamara ya fizgi mamurɗin fim da ƙarfi, yadda ya saba. Ya ji ƙas. Fim ya tsinke.

Ya cire safar hannu don ya sa wani. Yatsunsa suka sandare, suka ƙi yi masa aiki. Kafin ya rufe bayan kyamarar, rana ta koma. Da gefen ido ya ga Borghild ta zaro akwatinta daga cikin riga, ta danna sau ɗaya, ta mayar.

Washegari gajimare ya rufe sama, bai buɗe ba har mako uku. Lokacin rana ta riga ta haura duwatsun.

Ranar da abin ya faru ko burodin bai iya ci ba. Da suka koma gida ya faɗa wa gwaggonsa gaskiya. Ta bar shi ya gama, ta zuba masa kofi, sannan ta naɗe fim ɗinta ta ajiye a gabansa.

"Ni ban iya wankewa ba, ɗan nan. Kai ka iya. Kada ka yi masa gaggawa."

Hoton ya fito a ɗan karkace, har da rabin hular Edvin a gefe. Amma ga rana tsakanin duwatsun, ga hayaƙi yana tashi daga kowane gida. Torleif ya wanke wa kowa nasa, ya rubuta sunan Borghild a baya, ya kai da kansa ƙofa-ƙofa.

Yau rufin gidajen Skarvik sun rufta. Jikokin mutanen ƙauyen ba su san garin kakanninsu ba sai ta wannan karkataccen hoton.

Darasi: Tsadar kayan aiki ba ta maye gurbin sanin wuri. In babba ya ce ka bi a hankali, ka rufe baki ka bi, don wata damar minti biyar ce, ba ta dawowa. Ku tura wa masu ganin sun wuce a gaya musu.