Takun Raƙumi da Rijiyar Sabon Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Dabbobi ne za su kafa sabon gari. Zaki ya tara manya a fada, aka sa Raƙumi ya auno inda za a haƙa rijiya. Ya dawo ya ce, "Taku ɗari ne kacal daga nan."

'Yar Bushiya, wadda kullum ita da sauran yara ke ɗebo ruwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, takun wa?"

Kura ta daka mata tsawa: "Fita! Yaushe yara suka fara sa baki a fada?"

Ta fita tana huci, ƙayoyinta a miƙe.

Aka haƙa rijiya. Yara suka ɗauki tuluna tun da hantsi, ba su dawo ba sai la'asar. Ƙishirwa ta galabaitar da Zaki, ya yi ruri: "Ina kuka tsaya?"

'Yar Bushiya ta dire tulunta, ta nuna masa ƙafafunta da suka kumbura. Ta ce, "Na tambaya, kuka kore ni! Daga yau wanda ya auna shi zai ɗebo. Mu mun gama."

Shi ya sa har yau Raƙumi ke dakon ruwa, yana gurnani duk lokacin da aka ɗora masa kaya.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera!