Wutar da Pyo Mansik Ya Hura da Numfashinsa

Akwai wani dattijo mai suna Pyo Mansik a wani ƙauye kusa da Andong, a ƙasar Koriya. Shi ne babban ɗa a gidansu, don haka kabarin mahaifinsu a hannunsa yake. Shi ke kula da shi, shi ke fara zuba giyar shinkafa a gabansa ranar tunawa da magabata.

Lokacin da Mansik yake aiki a jirgin kamun kifi can cikin teku, ƙanensa Manho ya saurari wani mai duban ƙasa. Mutumin ya ce kabarin yana kan jijiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa gidan ya ƙi ci gaba. Manho bai jira yayansa ba, bai ko aika masa ba. Ya tone ƙasusuwan tsohon ya mayar da su kan wani tsauni.

Mansik ya dawo, ya je tsohon wurin da kwalbar giya a hannu, ya tarar da rami da ciyawa. Bai ɗaga murya ba. Ya haɗiye abin, ya yi ta haɗiyewa shekara da shekaru. Idan sun haɗu da Manho a taron dangi, gaisuwa ce kawai, ita ma a bushe.

Sai jikinsa ya fara tona masa asiri. Zafi yakan taso daga ƙirji ya hau fuska. Wani abu kamar dutse ya tokare masa ƙahon zuci. Ana tsakar zubar ƙanƙara sai ya tashi ya buɗe tagogi.

"Baban Sunhi, so kake ka kashe mu?" in ji matarsa. "In kai tanderu ne, ni ba tanderu ba ce. Ɗauki rigarka mu je."

Ta kai shi wurin Likita Chae, wata tsohuwa mai maganin gargajiya. Ta ɗora yatsunta a wuyan hannunsa, sannan ta ce ya fito da harshe.

"Hwabyong ne," ta ce. "Ciwon wuta, na wanda ya haɗiye fushi. Mata na saba gani da shi, waɗanda surukai suka gasa. Kai wa ya gasa ka?"

"Babu kowa."

"To, wannan babu kowan ya kusa kai ka ƙasa."

Ta ba shi saiwoyi, ta kuma koya masa zama. Kowace safiya ya zauna ya tambayi kansa ina ne ke ciwo a jikinsa, me ke yawo a kansa, kuma da wa ransa ke rigima. Sannan ya ja numfashi a hankali har ƙasan cibiya, ya sake shi tare da duk abin da ya samu.

"In na yi haka ƙarfina zai dawo?" ya tambaya.

"Zai dawo."

Wannan kaɗai ya ji. Yana bukatar ƙarfin, domin kafin bikin kaka dangi kan haɗu su yanke ciyawar kaburbura, kuma bana ya ƙudurta zai tsaya a gabansu ya tozarta Manho har ya kasa sake ɗaga kai a ƙauyen.

Bai taɓa fashin zaman ba. Da ya zauna a inuwar bishiyar bayan gida, sai ya yi tambayoyin yadda aka koya masa. Jiki ya ce ƙirji. Kai ya ce Manho. Rai ma ya ce Manho. Idan ya ja numfashi sai ya tuno ramin nan. Idan ya saki sai ya gyara wata kalmar zagi, ya ƙara mata kaifi.

Matarsa tana leƙo shi tana murna. "Dube shi kamar gunkin haikali. Da ma tun da can aka kai ka wurin likitar nan."

Da ya koma wurin Likita Chae, tana taɓa hannunsa ta ɗago da sauri.

"Me kake yi a zaman nan?"

"Abin da kika ce."

"Ƙarya kake, tsoho. Na ba ka iska ka hure fitila, ka je ka mai da ita zugazugin maƙera. Ko wane ne mutumin, ka je wurinsa yau, ku biyu. In zagi ne ka zage shi ka huta."

"Mu biyu?" Mansik ya miƙe yana ɗaure rigarsa. "Kowa ya san abin da ya yi mini. A gaban kowa zan rama."

Ranar yankan ciyawa ta zo. Ana hawan tsauni Manho ya matso, shi ma furfura ta rufe masa kai.

"Yaya, kawo laujen in riƙe maka, hawan da nisa."

"Na ce maka na gaji?"

Aka share kabarin, aka jera 'ya'yan itace da busasshen kifi. Mansik ya ɗauki ƙoƙon giya, amma bai juya wajen kabarin ba, sai ya fuskanci jama'a. Ya ja dogon numfashi irin wanda ya saba.

"Ku saurara, 'yan gidan Pyo. Wannan da kuke gani..."

Bakinsa ya karkace. Ƙoƙon ya suɓuce, shi kuma ya yanke jiki ya bi bayansa.

Mota ba ta hawa tsaunin. Manho ne ya goya shi ya gangaro da shi, yana tuntuɓe yana kiran, "Yaya, kada ka rufe ido!"

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Duk kalmomin da ya wasa suna nan a kansa, ba wadda za ta iya fita.

Bayan an sallame shi daga asibiti, Manho ya zo da kunun shinkafa, ya ajiye, ya durƙusa a gaban shimfiɗar.

"Na san abin da za ka faɗa ranar nan, Yaya. Gaskiyarka ce. Na taɓa Baba ba da izininka ba. Tun da ka dawo nake jiran ka zage ni in samu bakin ba ka haƙuri, amma kullum sai gaisuwa. Ni kuma tsoro ya hana ni farawa."

Mansik ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga hannun hagu ya kai wa ƙanensa mari. Hannun ya sauka a kuncin Manho ba sauti, ko ƙuda ba zai kora ba.

Manho ya ƙara matso da fuskarsa. "Ƙara, Yaya."

Mansik bai iya sake ɗaga hannun ba. Ya juya fuskarsa bango, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Darasi: Duba lafiyarka bai tsaya ga jiki ba, ka duba da wa ranka ke rigima. Babu zaman shiru ko jan numfashi da zai hutar da mai tanadin ramuwa. Wanda ya ɓata maka, ka same shi ka faɗa masa tun bakinka yana hannunka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana haɗiye fushi yana cewa ba komai.