Furen da Fara Ta Ci Gefensa

Akwai wani saurayi a Yelwan Yauri ana kiransa Zaharaddeen. Sana'arsa ba irin wadda muka saba gani ba ce. Furanni yake samu, ya shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da katako biyu, ya ɗora bulo a kai. Kullum sai ya canza jaridar don kada danshi ya sa su hunhuna. Bayan mako biyu ko uku sun bushe ƙamas, sun yi lafe kamar takarda, launinsu yana nan. Sai ya jera su a farin kwali, ya manna da gam, ya rufe da gilashi, a rataya a bango.

Ina jin haushin yaron nan ƙwarai, amma ba zan ci haƙƙinsa ba, Allah Ya ba shi hannu.

Shekarar da mahaifinsa ya rasu ya fara. Tsohon yana da 'yar gonar wake a bayan gida. Ranar sadakar uku Zaharaddeen ya tsinki fure ɗaya a cikinta, ya saka a littafin makaranta, ya manta. Bayan watanni ya buɗe littafin ya tarar da furen kamar jiya aka tsinke shi. Ya samo fasasshen gilashin taga ya haɗa masa gida, a karkace ma, ya kai wa mahaifiyarsa. Inna ta rataye shi a saman gadonta. Yau an yi gini a filin gonar, furen nan kaɗai ya rage.

Da farko dariya aka riƙa yi masa, wai ƙato da shi yana tsintar ciyawa. Ya toshe kunne. Ya fara ɗora hotunan aikinsa a Facebook, sai ga masu saye daga Birnin Kebbi, Kaduna, har Abuja. Ya kama shago. Matan ƙauyukan bakin tafki, daga Wara har Shanga, su ke tsinko masa bado da furannin daji, wani mai jirgin ruwa da ake kira Illo yana kawo masa.

To daga nan ne fa kai ya fara kumbura. Illo zai sauke kwando, dattijo da furfurarsa, Zaharaddeen ya tsaya yana tsince furanni da yatsa biyu, duk wanda ya ga ɗan tabo a jikinsa ya yar a gaban ƙafar mutumin. Wai shi ba ya aiki da abu mai aibi. Yaron da jiya-jiya yake roƙon tsohuwar jarida a shagunan mutane!

A wani ƙauye kusa da Wara akwai wata tsohuwa, Zuliha. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Joshua. Da farkon damina ya shuka gero a gonarsu ta bakin ruwa, ya zagaye iyakarta da rama kamar yadda aka saba. Damina na tsakiya zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi, ya cika.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba ruwan tafki ya fara hawa. Kullum Zuliha sai ta je ta tsaya tana kallon ruwa yana cin gonar, kunya bayan kunya. Wata safiya ta tarar saura layin rama ɗaya a tsaye, ruwa ya kai masa gwiwa, ya fitar da fure uku, ko 'ya'ya bai kai ga yi ba. Tsohuwar nan ta ɗaure zani ta shiga ruwa ta tsinko su. Abu na ƙarshe ke nan da hannun ɗanta ya shuka.

Illo ne ya taɓa ba ta labarin yaron Yelwa mai hana fure mutuwa. Ta jiƙa ƙyalle ta shimfiɗa a kwanon sha, ta kwantar da furannin, ta rufe, ta shiga jirginsa a safiyar nan. Duk tsawon tafiyar kwanon yana kan cinyarta. Bini-bini ta ɗaga murfi ta leƙa.

Ta iske Zaharaddeen yana haɗa wani babban aiki na wani otal a Abuja, ya kafa waya yana ɗaukar kansa bidiyo. Ta yi sallama, ya amsa da hanci. Ta zauna a benci har aka kira azahar kafin ya waiwayo.

Da ta buɗe kwanon ya leƙa, ya taɓe baki.

"Mama, rama ce fa. Kuma wannan ɗayan fara ta ci gefensa."

Ta ce ta sani. Ta ba shi labarin Joshua daga shuka har zuwa kabari, da yadda ruwa ya cinye gonar. Ta roƙe shi don girman Allah ya danne su a ranar, domin kowa ya san furen rama ba ya kwana. Ya ce ta bar kwanon, ta dawo bayan mako uku, yanzu-yanzu zai yi.

Jama'a, aikin da bai kai shan kofin ruwa ba. Jarida na gefensa, katako na gefensa, bulo na bakin ƙofa. Kuma duk Yauri babu wanda ya fi shi sanin abin da zafi ke yi wa ɗanyen fure a rufaffen kwano. Tana fita ya sa ƙafa ya tura kwanon ƙarƙashin tebur don kada ya fito a bidiyo.

Sai bayan kwana huɗu wari ya tuna masa. Ya buɗe ya tarar furannin sun narke sun zama baƙin yauƙi a jikin ƙyallen. Ya yi maza ya rufe, ya sake tura shi can ciki.

A nan da ɗan halak ne, da ya nemi Illo ya ce a kai shi wurin tsohuwar, ya durƙusa ya ce ya yi sakaci. Za ta yi kuka, amma za ta san gaskiya. Ina! Girman kai rawanin tsiya. Ya hau babur ya fita bayan gari, ya shiga gonar wani, ya zaɓi furen rama uku lafiyayyu, ko ɗigon tabo babu. Ya danne su, ya canza musu jarida a kan kari, ya haɗa su a gilashi mai kyau, ya rubuta sunan Joshua a ƙasa da ruwan zinariya.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki hoton ya ɗora a shafinsa da dogon rubutu, wai ya share wa wata uwa hawaye, kyauta, don Allah. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni da hannuna na yaɗa hoton nan a wannan shafin, har na rubuta cewa matasa su yi koyi da shi. Wallahi duk sanda na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Mako uku ya cika. Zuliha ta zo da zaninta na zuwa coci, Illo na biye da ita. Zaharaddeen ya riga ya kafa waya, yana jiran ta fashe da kukan murna ya samu abin ɗorawa. Ya miƙa mata gilashin da hannu biyu.

Ta karɓa. Ta kai shi kusa da ido, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tambaye shi ina wanda fara ta ci.

Ya ce ai ya gyara shi ne, aikinsu ke nan.

Ta ce tun daga Wara har Yelwa idonta yana kan furannin nan. Ta san wanda ya fi girma, ta san wanda ganyensa ɗaya ya naɗe, ta san inda bakin fara ya tsaya. Ta ce almakashi yana ragewa, amma ba ta taɓa jin ya mayar da abin da aka cinye ba.

"Ɗana, wanga ba na Joshua ba ne."

Ku ji abin da marar kunyar nan ya yi. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya hau faɗa. Wai rama ai rama ce, ko shi Joshuan ya tashi ba zai bambance ba. Wai ya ɓata gilashinsa da lokacinsa kyauta, shi ke nan sai a zo ana yi masa ƙauyanci a shago. Wai shi ya sa ba ya son hulɗa da mutanen ƙauye, ba su san godiya ba. Uwar da ta binne ɗanta wata biyu da suka wuce yake gaya wa haka!

Zuliha ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye gilashin a kan tebur a hankali don kada ya fashe. Ta ce ya ba ta kwanonta.

Ya fara kame-kame. Illo ya sunkuya ya hango shi a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe murfin. Ko wankewa yaron bai yi ba. Illo ya jawo ya miƙa mata. Ta buɗe. Ƙyallen ya bushe, da baƙin tabo uku a jikinsa.

Ta daɗe tana kallon tabon. Ta rufe kwanon, ta rungume shi a ƙirji, ta fita. Illo ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa Zaharaddeen cewa daga yau ya nemi wani jirgin, nasa ya gama ɗaukar masa kaya.

Labari a bakin ruwa ba ya jiran mota. Kafin kasuwa ta zagayo, duk matan da ke tsinko masa furanni sun ji, kuma babu wadda ta sake aiko da ko tsinke. Wata a cikinsu ta ce a gaya masa furanninsu duk fara ta taɓa, ba su dace da shagonsa ba.

Inna kuwa ta ji labarin ne a gidan wani bikin suna. Ta dawo ba ta ko cire mayafi ba, ta aika a kira shi. Da ya shigo ta hau gado da kanta, ta sauko da karkataccen gilashin nan mai furen waken mahaifinsa, ta ɗora masa a hannu.

"Tafi ka jefa shi a kogi. Wake ai wake ne. Ka tsinko mini wani a gonar mutane, wanda ya fi shi kyau."

Ya tsaya riƙe da shi yana kallo. Furen ya koɗe, gefe ɗaya ma ya karye tun ranar da ya ciro shi daga littafi. Inna ta ce shekara tara tana buɗe ido a kan abin nan kowace safiya, kuma da wani zai musanya mata shi da na zinariya, ba za ta yafe masa ba. Ta ce ita ta haife shi, amma yau kunyarsa take ji. Kada ya sake sa hannu a tukunyarta sai ya je ya ga matar nan.

Washegari ya tafi ta mota, don Illo ya ƙi ɗaukarsa. Aka nuna masa inda gonar Joshua take. Ruwa ne shimfiɗe, ko kan kara ɗaya ba a gani.

Zuliha ta karɓe shi, ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakinta, ta kawo masa ruwa. Ya durƙusa ya faɗi komai, har tura kwanon da ƙafa bai ɓoye ba. Ya yi kuka. Ta ce ta yafe masa, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Da ya ɗago kai sai idonsa ya sauka a bango. An shafe wani wuri da farar ƙasa, fes, daidai girman gilashi. A tsakiya an kafa sabuwar ƙusa. Kwanon yana ajiye a ƙasanta.

Ta ga inda yake kallo. Ta ce ranar da ta kai masa furannin, tana dawowa ta ari guduma ta kafa ta, don kada abin ya zo ya rasa wurin zama.

Ya roƙe ta ta bari ya yi mata wani abu, ko mene ne, ta rataya a wurin. Ta girgiza kai.

"Bar ta haka nan, ɗana. Mai wurin ba ya zuwa."

Zaharaddeen ya goge hoton daga shafinsa, ni ma na goge daga nawa. Shagonsa yana nan a buɗe, amma matan bakin tafki ba su dawo ba, shi kaɗai yake yawon tsinko abinsa a rana. An ce yanzu duk furen da aka kawo masa, ko waya yake yi sai ya ajiye ya danne shi nan take. Ya kyauta, amma ya makara. Illo ya ce ya leƙa ɗakin Zuliha kwanan baya, ƙusar tana nan babu komai a kanta.

Darasi: Idan mutum ya damƙa maka abu, ba kai ke yanke masa daraja ba, mai shi ya san abin da ya ɗauko. Sakaci kuskure ne, ana yafe shi, amma rufe shi da ƙarya da tsawa zalunci ne, kuma akwai ɓarnar da "yi haƙuri" ba ya gyarawa. Duk mai sana'ar da ya ga ya fara raina waɗanda suka ɗaga shi, ya binciki kansa tun da wuri. Ku tura wa masu sana'ar hannu da kuka sani, wataƙila akwai wani kwano a ƙarƙashin teburin wani yanzu haka.