Hannun Tsoho da Idon Tabita

Akwai wani tsohon malamin kimiyya a wata makarantar sakandare. Ana gobe ɗalibansa za su yi jarrabawar gwaji, sai ya tarar rufin ɗakin gwaje-gwaje ya yi yoyo, ruwan sama ya wanke rubutun da ke jikin babbar kwalbar asid. Asid kuwa garau yake kamar ruwan sha, ba a gane ƙarfinsa da kallo. In ba a san ƙarfinsa ba, ba yadda za a duba amsoshin yaran, wahalarsu ta shekara ta tashi a banza.

Tsohon ya san abin yi. Ya auna asid kaɗan a ƙaramar kwalba, ya ɗiga masa ruwan alama mai sauya launi. Ya cika dogon bututun gilashi mai famfo da ruwan soda mai kashe kaifin asid, wanda aka san ƙarfinsa, ya shiga sakinsa ɗigo-ɗigo yana kaɗa kwalbar. Da zarar ruwan ya soma komawa ruwan hoda, sai a rufe famfo, a karanta ma'auni, a yi lissafi.

Amma yanar ido ta fara rufe masa gani, bai kuwa gaya wa kowa ba. Duk sa'ad da ya ga launi, ya riga ya zarce, ruwan ya yi ja wur. Ya zubar, ya sāke, haka dai. Ya zauna, zuciyarsa ta karai.

Akwai kuma wata sabuwar malama, Tabita, wadda ta faɗi daga babur, hannunta na dama yana naɗe. Aikin kuwa na hannu biyu ne. Ta leƙo ta gaishe shi, tana ba da haƙuri cewa ba ta da wani amfani a wannan mako. Sai tsohon ya faɗa mata gaskiyar idonsa.

Ya ce, “'Yata, ara mini idonki, ni in ara miki hannuna.”

Ta sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar, ta sunkuya. Shi yana ɗiga yana kaɗawa, ita tana gaya masa ya rage sauri, launi yana zuwa yana ɓacewa. Can ta ce, “Tsaya, Baba. Ya zauna.”

Suka maimaita, ma'aunin ya tsaya inda ya tsaya dā. Tsohon ya fashe da dariya har da hawaye, ita ma ta kama, suka yi ta yabon Ubangiji. Kashegari yaran suka yi jarrabawarsu lafiya. Daga nan bai ƙara ɓoye ciwonsa ba, Tabita ce ma ta raka shi asibitin ido.

Ma'anar wannan misali ita ce, Ubangiji bai ba mutum ɗaya dukan baiwa ba, ya rarraba ta cikin ikkilisiya domin mu bukaci juna. Tsohon nan shi ne kai da kake ɓoye rauninka saboda kunya, kana ta fama kai kaɗai. Tabita ita ce ke da kike cewa ba ki da amfani, don kin kasa abu ɗaya. Ku lura, aikin bai yiwu ba sai da ɗaya ya buɗe baki ya ce, “Na kasa.”

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu watse yau, dubi wanda yake zaune kusa da kai. Wataƙila abin da ka daɗe kana roƙon Allah, ya riga ya aiko shi, yana zaune a bencinka.