Likitan da Bai Taɓa Ganin Majinyacinsa Ba

An yi wani mutum, likita, mai duba marasa lafiya ta waya. Wurin aikinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar gidansa, tebur da kwamfuta da fanka mai ƙara. Doka ta yarje masa ya rubuta magani daga nesa, amma da sharaɗi: sai ya ga mara lafiya a kyamara, ya tambayi abin da yake sha. Shi kuwa ya ce ɓata lokaci ne. Wai shekara ashirin yana aiki, daga murya ma yana gane cuta.

Wata rana wata mata ta kira. Mahaifinta tela ne, gwiwa ta hana shi taka keken ɗinki.

"Likita, in kai masa wayar? Ga shi can a ɗaki."

"Bar shi ya huta, 'yar'uwa. Tsoho da ciwon gwiwa ai tare suke kwana."

Ya rubuta ƙwaya mai ƙarfi, ya tura kemis. Ashe tsohon yana fama da ƙoda, ga kwalayen maganinsa jere a kan taga. Sau uku ana sabunta takardar, bai taɓa cewa a nuna masa shi ba. Ƙoda ta tsaya. Yau sau biyu a mako ake kai bawan Allah wankin ƙoda.

Hukumar likitoci ta kira likitan. A baranda ya tarar da wani dattijo a benci, ƙafafu a kumbure. Ya ce, "Baba, ɗan matsa mini." Dattijon ya matsa.

Da aka shiga, shugaban zaman ya nuna wannan dattijo. "Ka san shi?"

Ya rantse bai taɓa ganinsa ba.

Tsohon ya ce, "Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Ni dai tun a benci na gane muryar. Ita nake jiyowa daga ɗaki, ta wayar 'yata, tana cewa a bar ni in huta."

Likitan bai iya ɗaga kai ba. Aka ƙwace lasisinsa. Matarsa ce da hannunta ta cire allon sunansa daga ƙofar gida, don shi ya kasa fitowa.

Ya 'yan'uwa, waya ce ta cuci tela? Wayar tana da ido, mai ita ne ya ƙi dubawa. Duk wanda aka ba amanar rai, ko daga nesa ne, ya duba, ya tambaya. A can lahira babu benci, ba za a ce ma ka matsa ba, tsayuwa ce gaban Allah.

Allah ya tsare mu da cin amanar wanda ba mu ko kalla ba. Amin.