Kwalbar Da Dogo Ya Aika Ba Ƙanƙara

Akwai wani ma'aikacin ɗakin gwaji da ake ce wa Dogo. Ƴar ƙanwarsa, Auta, kullum tana kwance. Likita ya ce sai an aika DNA ɗinta wani ɗakin gwaji mai nisa, a duba ko ciwon gado ne. Ga yarinyar jijiyarta ba ta samuwa, da ƙyar aka zuƙi ɗan jinin da aka tace aka fitar da DNA ɗin.

Yadda aka yi mini bayani, DNA kamar zare biyu ne a murɗe, zafi ke warware su, shi ya sa ake haɗa shi da ƙanƙara. To Dogo ya haɗa wani sabon ruwan adana DNA daga kayan tsiro, ba guba, ba wari, ba ya ɓata ƙasa. A ciki ya zuba na Auta.

Abokiyar aikinsa, Mai Tabarau, ta ce, "Dogo, gwada shi a zafi tukuna. Irin ruwan nan, wani yana riƙe zaren, wani sassauta shi yake yi."

"Ke dai tsohon yayi ya kama ki. Abin da ko a hannu ya zuba ba ya ƙuna?"

"Hannun naka za a aika?"

Ya yi dariya, ya miƙa wa direba kwalbar ba ƙanƙara.

Mota ta lalace a hanya, rana na dukan ta. Ƙanwar sai waya take yi: "Yaya, ya isa? Yau ma ta ƙi cin abinci."

Sai yanzu Dogo ya ɗora ragowar ruwan nasa a injin zafi da wani DNA na gwaji, yana kallo, gumi na ɗiga. Tun zafin bai yi nisa ba zaren ya rabu.

Da waya ta zo daga can, bai yi mamaki ba. Sun ce abin ya lalace, a sake ɗibo jini.

Shi ya riƙe hannun Auta ana laluben jijiya. Ta ɗago ido jage-jage da hawaye.

"Kawu, ba ka ce an gama ba?"

Darasi: Abu ya zama marar guba ba shi ne ya jure zafi ba. Ni ko tukunya zan saya, sai na ƙwanƙwasa ta, mai kaya ya yi ta hararata. Ku tura wa duk wanda ke jin ya wuce a ce masa "gwada tukuna".