Tiren Biskit da Aka Ɓoye a Kan Firij

Akwai wata mata da 'yan layinsu suke kira Mai Biskit, don sana'arta ke nan, kuma ta iya ta. Guda biyu take haɗawa ta shafa jam a tsakani, jam ɗin da take dafawa da kanta da mangwaro ko gwaiba, da sukari da ɗan lemon tsami. Ba ƙwai, ba madara, ba bota. Yawancin masu saye ma iyayen yaran da jikinsu ba ya ɗaukar waɗannan abubuwa ne.

Matsalarta ɗaya ce: zargi. Ka gaishe ta da fara'a, sai ta wuni tana lissafin abin da kake nema a wajenta.

Ba ta da obin, don haka a kicin ɗin maƙwabciyarta take gashi, wata dattijuwa mai yin kek da take kira Yaya. Ita kuma Yaya Allah Ya yi ta da son tambaya. Me ake sawa a madadin ƙwai? In ayaba ce, sai ta nuna sosai? Ta yaya ake gane jam ya yi kauri?

Mai Biskit tana amsawa da rabin baki. A ranta ta riga ta yanke hukunci cewa sana'ar ake so a ƙwace mata. Ta koma yin awo a gida, ta ɓaɓɓare takardun jikin kwalabenta. Ranar da ta hango gwaiba a kwandon Yaya kuwa, abincin rana ma bai wuce mata ba. Gwaibar da ake zubawa a bakin kowace hanya fa!

Ana haka wata ma'aikaciyar jinya ta zo da oda. Za a yi walima a ajin 'yarta, kuma yarinyar ta gaji da zama a gefe tana kallon 'yan'uwanta suna cin kek. Matar ta ja kunne sosai, ta ce ko ƙamshin bota ya taɓa abin da yarinyar ta ci, fuskarta za ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Ta ƙara da cewa in abin ya yi kyau, akwai iyaye irinta da yawa da za ta turo.

Ranar gashi Mai Biskit ta shimfiɗa takarda a tire biyu, da ta zo na ukun takardar ta ƙare. Ba ta tsaya wani tunani ba, ta zari buroshi daga kofin da ke gefen obin, ta tsoma a man girkinta ta shafe tiren. Ta jera biskit, ta tura a wuta, ta roƙi Yaya ta sauke mata in sun yi, ta tafi sayen kwalaye.

Da ta dawo, a bakin ƙofa ta haɗu da ma'aikaciyar jinyar, suka shigo tare. Mai Biskit tana ɗaga labule gabanta ya faɗi. Tire biyu ne a kan tebur. An buɗe ledar fulawarta, ga ɓawon ayaba a kwano, ga obin yana ci, ga Yaya tana share gumi da gefen ɗankwali.

Yaya ta ce tire ɗaya ya samu matsala, amma sabo yana ciki, su ɗan zauna. Mai Biskit ta tambayi wace irin matsala. Yaya ta ƙifta mata ido.

"Ma yi maganar daga baya, ƙanwata."

Wannan ƙiftawar ita ta ƙarasa lalata komai. Mai Biskit ta fara bin kicin ɗin da kallo har idonta ya sauka a kan firij, inda aka lulluɓe wani abu da tsumma. Ta miƙa hannu ta sauko da shi. Biskit ɗinta ne, sun gasu jawur, ba wanda ya ƙone, ba wanda ya karye.

Abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya fito gaba ɗaya, a gaban baƙuwa. Ta ce dama ta san inda tambayoyin nan suka dosa. Ta ce an ɓoye nata ne don a cusa wa mai oda na wani. Har maganar gwaiba sai da ta tono.

Yaya ta ɗauko buroshin daga kan tebur. Muryarta ba ta ɗaga ba, amma ranta ya ɓaci, kowa ya gani.

"Da wannan kika shafa tiren nan? Na bota ne. Da shi na shafe gwangwanayen kek da safe, ban wanke ba. Sai da na sauke na gan shi a cikin manki. Na wanke wani tire da ruwan zafi na sake kwaɓi, na so in rufa miki asiri ne."

Mai Biskit ta kai buroshin hancinta, ta ji abin da ba ta so ji ba. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ma'aikaciyar jinyar ta daɗe tana kallon tiren. Can ta ce a hankali, "Ke nan da ba don ita ba, wannan zan kai wa 'yata."

Mai Biskit ta yi ta rantsuwa cewa sauran tire biyun a kan takarda aka gasa su, buroshi bai taɓa su ba. Gaskiya ta faɗa, amma uwar da ta taɓa ganin 'yarta tana neman numfashi ba ta karɓar rantsuwa. Ta ce na cikin obin kawai za ta jira. Sannan ta juya ta nemi lambar wayar Yaya.

Yaya ta girgiza kai. "Ni kek nake yi, 'yar nan. Wannan sana'arta ce, ba tawa ba."

Ba ta ba da lambar ba. Matar ta ɗauki kwali ɗaya ta tafi, ba ta sake dawowa ba, kuma a cikin iyayen da ta yi alkawari ko ɗaya bai kira ba. Mai Biskit ta kwashi tire biyu cike da biskit lafiyayyu ta koma gida da su, ta wuce Yaya a bakin ƙofa kanta a sunkuye.

Darasi: Kuskure kowa yana yi, kuma sau da yawa akwai wanda yake ƙoƙarin rufa mana shi ba mu sani ba. Mai yawan zargi da bakinsa yake tona kansa, ya kuma ɓata wa mai ƙaunarsa rai. In mutumin da ya saba yi maka alheri ya ce ka ɗan dakata, ka dakata ka ji. Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana.